Insha'i a Kan Kamun Maƙwabci

A shekarun da Yauri take ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina koyar da Turanci a wata sakandare ta jeka-ka-dawo a bayan garin Yelwa. Idan ka tsaya a ƙofar ajina kana hango ruwa yana ƙyalli ta tsakanin itatuwa. Ɗalibaina yawancinsu 'ya'yan masunta ne, Gungawa da Sarkawa, sai 'ya'yan Fulani kaɗan da 'ya'yan manoma. Wasu daga Warra suke, wasu daga Ngaski ko Shanga, suna zaune wurin dangi a cikin gari, ranar kasuwa su aika da gaisuwa gida ta hannun masu jirgi.

Kafin in zauna a can na yi yawo. Na koyar a Kumasi, na zauna a Yamai, na yi karatu a Khartum, na kuma ɗan sha sanyin Ingila wajen wani kwas. Duk inda na je na ga yadda ake auna rubutun yaro, kuma babu wuri biyu da suka yi daidai. A makarantun Faransanci maki bisa ashirin ake bayarwa, malamin kuma yana riƙe da ashirin ɗin nan kamar gadon ubansa, in ya ba ka sha huɗu sai abokai su zo yi maka barka. A Khartum na san wani malami da yake karanta rubutun da ƙarfi, idan ya yi masa daɗi a kunne ka ci, ko da ba ka faɗi komai ba. A Ingila kuwa ba sa son ɓata wa yaro rai. Sai a rubuta masa a gefen takarda cewa tunaninsa mai ban sha'awa ne, sannan a kayar da shi.

Abin da ya dawo da ni gida Inna ce. Ta tsufa, gwiwoyinta sun ƙi, ni kaɗai ne kuma ɗanta da ya rage. Bagungiya ce, a tsibiri aka haife ta. Lokacin da aka datse kogi ruwa ya hau ya cinye garinsu, an kwashe su an kai su tudu, kuma tun ranar ta rantse ba ta ƙara tashi daga inda ta ajiye tukunyarta. Na nemi aiki a Yelwa, na samu, na ajiye akwatin tafiyata a ƙarƙashin gado da niyyar ya ruɓe a can.

A 'yan shekarun da na yi a makarantar nan, hanyar duba insha'in Turanci ta sauya fiye da yadda nake sauya takalmi. Da farko ƙirga kurakurai ake yi da jan biro, kowane kuskure a zare rabin maki, har wani yaron ya gangara ƙasa da sifiri ya ci gaba da tafiya. Sai aka ce masana sun gano wannan yana kashe wa yara gwiwa, a riƙa ba su rubutu mai gurabe su cike. Yara suka ƙware a cike gurbi, amma in ka ba su farar takarda sai su zauna suna jiran gurbin. Daga nan aka ce malami ya karanta da sauri, ya ba da makin da zuciyarsa ta raya masa. Zuciyata kuwa kafin abincin rana daban take da bayan abincin rana, yaran ma sun gane, suna rige-rigen sa takardarsu a ƙasan tari. Bayan wannan aka raba makin gida-gida: na abin da aka faɗa, na tsari, na iya magana, na ƙa'idar rubutu. Kowace hanya da takardarta take zuwa daga Sakkwato, kowace takarda kuma tana farawa da cewa bincike ya nuna.

Su kuwa yaran suna da tasu hanyar da ba ta taɓa sauyawa ba. Akwai wani insha'i a kan tafiya cikin jirgin ƙasa da suka gada daga yayyensu, sun haddace shi kamar karatun allo. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa ganin jirgin ƙasa. Amma ka ce su rubuta ranar kasuwa, sai su hau jirgin ƙasa su tafi kasuwa. Ka ce su rubuta a kan kakarsu, sai kakar ta rako su tasha. Na taɓa ba su batun damina, wani ya rubuta cewa ruwa ya fara sauka daidai lokacin da jirgin ya yi kuka.

Wata safiya shugaban makaranta ya aiko a kira ni. Basakkwace ne, gajere, mai yawan share gumi, ba ya jin wani harshe sai Hausa da Turancin ofis.

"Malam, zamna," in ji shi. "Wagga magana ba ta wasa ba ta. Wani mai bincike na tahe daga jami'a, yana bin makarantu yana auna rubutun yara. Rahoton da zai rubuta, manya za su gani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai an saba."

"Wanga ba irin wanda an ka saba ba na. An ce duk makarantar da ta zo ƙasa, za a ɗauke malamin Turancinta a kawo yaro sabon fitowa wanda ya koyi sabon tsari. Shi kuma tsohon, akwai makarantu da an ka buɗe can bakin iyaka, suna neman malamai."

Na san wuraren da yake nufi. Ƙasa ce da ake ƙulla igiya da igiya kafin guga ta taɓa ruwa. Ni zan iya zama ko'ina, na zauna inda ya fi can wuya. Inna ce ba za ta je ba, ni kuma ba zan iya barinta ba.

Mai binciken ya iso cikin wata ƙaramar mota mai kama da kunkuru. Bazazzagi ne, dogo, mai fara'a, mai tabarau, kullum yana rungume da wata babbar ambulan mai hatimi. Kafin azahar yara sun raɗa masa Mai Ambulan. Ni ina ce masa Dakta, yana cewa bai kai ba tukuna, amma ba ya hana ni.

Ya yi mini bayanin abin da ake yayi yanzu. Ya ce masana sun gano cewa ba a auna rubutun yaro da batun da bai sani ba. A daina ba ɗan Afirka labarin ƙanƙara da jirgin ƙasa, a ba shi abin da yake gani a ƙofar gidansu, a nan ne za a ga iyakar Turancinsa.

Na kusa rungume shi. Na ce, "Dakta, shekara da shekaru ina faɗin wannan, ba wanda ya saurare ni. To mene ne batun?"

Ya dafa ambulan ɗin. "Malam, ka yi haƙuri. Ƙa'idar bincike ce, malami ba ya gani sai yara sun gani."

Washegari aka tara babban aji. Ya yage hatimin a gabansu kamar mai raba gado, ya ɗauki alli ya rubuta batutuwa uku da Turanci, kowa ya zaɓi wanda ya shafe shi. Ga 'ya'yan masunta: ranar da mahaifina ya yi kamu mafi girma. Ga 'ya'yan makiyaya: yawan garken mahaifina da yadda ya ƙaru. Ga 'ya'yan manoma: albasa ko hatsin da mahaifina ya samu bana. Ya juyo yana murmushi, yana kaɗe alli daga hannunsa.

Ni kuwa ina ganin batutuwan na san an yi ɓarna.

Duk wanda ya tashi a bakin ruwan nan ya san masunci ba ya faɗin abin da ya kama. Ko jirginsa na neman nutsewa don nauyin kifi, in ka tambaye shi cewa zai yi ruwa ya hana, sai godiya. Ana tsoron baki, ana tsoron ido, ana tsoron dangi masu zuwa gaisuwa da babban kwando, ana tsoron wani ya biyo ka gobe ya ga inda kake zuba ƙugiya. Bafulatani kuma ka tambaye shi yawan shanunsa, daidai yake da ka zage shi. An daina karɓar jangali, amma ba a daina tuna shi ba. Tun yaro yana rarrafe ake koya masa wannan, kafin a koya masa gaisuwa. Na ga irin haka wurin masuntan Zabarmawa a Yamai, na gani a bakin Nilu, amma ban ga inda aka riƙe shi da ƙarfi kamar gida ba.

Yara suna kallon allo kamar an rubuta ashar. Can wani daga baya ya ɗaga hannu.

"Malam, ba a yin na jirgin ƙasa?"

Mai Ambulan ya ce ba a yi.

Kafin ya gama goge tabaransa rabin aji sun ajiye biro. Na bi layi ina leƙawa. Ɗalibar da ta fi kowa iya Turanci a makarantar, 'yar wani Basarke ce da na san bai daɗe da sa wa jirginsa inji ba, ya kuma rufe ɗakunansa da kwano. Ga abin da ta rubuta, cikin Turanci mai tsabta ba kuskure ko ɗaya: mahaifinta ba ya samun kifi sosai, ruwa ya hana, sun gode Allah. Wani ɗan Fulani ya rubuta cewa mahaifinsa ba shi da shanu, waɗanda ake gani a gidansu na mutane ne. Wani ya ɗan yi ƙoƙari ya kai layi biyar, ya ce kamu mafi girma da mahaifinsa ya taɓa yi wata tsohuwar tukunya ce daga garin da ruwa ya ci, ita ma a fashe.

Da yamma Mai Ambulan ya zauna a ɗakin malamai yana ƙirga kalmomi, yana auna tsawon jimla, yana cike gidajen maki. Bai sha wahala ba, don babu abin ƙirgawa. Ya ɗago ya dube ni da tausayi.

"Malam, ban ɓoye maka ba, duk makarantun da na bi ban ga irin wannan ba. Yaran nan ba su da abin faɗa ko a kan ubanninsu."

Na yi masa bayanin al'adar tun daga tushe. Ya saurara da ladabi har na gama.

"Na ji," in ji shi. "Amma ka san kowace makaranta na je malami yana da dalili. Wani ya ce zafi ne. Wani ya ce yunwa. Akwai wanda ya ce mini aljanu ne a tsamiyar bayan aji. Idan na rubuta dalilin kowa, ba zan auna kowa ba."

Ban ga laifinsa ba. Da ni ne shi, haka zan ce.

Da na koma gida na tarar da Inna a tsakar gida tana gyaran tarwaɗa. Na ba ta labari da Gunganci, don da shi take fi jin daɗin dariya. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Wato baƙo ya zo da takarda yana tambayar ɗiyan mutane abin da ubansu ya kama? A gaban ɗiyan maƙwabta? To mi yake so su ce?"

Na ce, "Inna, abin dariya ne, amma kan wannan za a iya ɗauke ni a kai ni bakin iyaka."

Ta ajiye wuƙar. "In an kai ka, ka tahi kai kaɗai, ka riƙa aiko min da gaisuwa. Ni ruwa ya kore ni sau guda. Takarda ba ta kora ta."

Ta ci gaba da gyaran kifinta, amma ba ta ƙara yin dariya ba ranar.

Da safe Mai Ambulan ya tsaya da kunkurunsa a ƙofar gidanmu. Ya ce kafin ya wuce makaranta ta gaba yana so ya sayi bandar kifi, don uwargidansa ta ce kada ya dawo daga Yauri hannu sake, kuma yana so in raka shi kada a yi masa tsadar baƙo. Muka gangara bakin ruwa. Jirage suna ta shigowa, mata masu saro suna shiga ruwa har gwiwa suna tarbarsu, hayaƙin banda ya tokare sama.

Mai bincike ba ya iya ganin mutum bai yi masa tambaya ba. Ya tsaya gaban wani masunci da yake jan wani giwan ruwa da sai da mutum biyu suka kama masa, a cikin jirgin kuma kifin ƙarfasa ne har baki.

"Sannu da aiki, maigida. Yau an dace ke nan."

Mutumin ya ja tabarma ya rufe ƙarfasar. "Ina fa, Malam. Ruwa ya hana. Sai godiya."

"Wannan fa da kake ja?"

"Wanga? Saƙo na. Na wani na."

Ya tambayi na biyu, ya ce tun da aka datse kogi kifi ya ƙaura. Ya tambayi na uku, ya ce shi yawo kawai ya fita ya sha iska. Mai Ambulan ya dube ni ta saman tabarau, ni kuma na dubi sama. Sai ya nuna wani jirgi da ke can nesa yana shigowa, ya ce wa na ukun, "To wancan fa? Shi ma iska ya sha?"

Mutumin ya saki igiyar da ke hannunsa.

"Wancan? Malam baƙo, zamna in ba ka labari."

Ya fara tun daga kakan mai jirgin, ya gangaro kan ubansa, ya zo kan yadda yake sulalewa kafin kowa ya tashi, da irin abin da yake sa wa ƙugiya, da ranar da ya kamo wani ramboshi da sai da aka kira mahauci. Ya kwaikwayi tafiyarsa, ya kwaikwayi yadda yake cewa ruwa ya hana. Ya rufe da cewa Allah dai ya ba mu irin rabonsa ban da irin rowarsa. Mutane sun taru suna ƙara masa abin da ya manta.

Mai Ambulan ya raɗa mini, "Malam, wannan ai insha'i ne. Ga gabatarwa, ga gundarin magana, ga kammalawa."

Masuncin ya gama, ya dube shi sama da ƙasa. "Kai kuma, Malam baƙo, ɗiyanka nawa?"

"Suna nan dai. Allah ya raya mana."

"Amin. Amma nawa?"

"Alhamdu lillahi, suna nan."

Ya ji abin da ya fito daga bakinsa. Ya tsaya, sannan ya fashe da dariya har sai da ya cire tabarau. Muka sayi kifin, aka yi masa tsadar baƙo duk da ina tsaye, muka hau mota. Bai ɗauki hanyar fita gari ba.

A hanya ya yi ta gardama da kansa. Ƙa'ida ta ce batutuwan ambulan su ne na kowace makaranta, ba a sauya su. Amma ƙa'ida ba ta hana a gwada sau biyu a ajiye sakamakon duka ba, wannan ma wani abu ne da zai rubuta wanda ba wanda ya riga shi. Ni kuwa addu'a kawai nake yi.

Aka sake tara ajin. Ya rubuta batutuwan jiya a allo, ya goge kalmar mahaifina, ya sa maƙwabcinmu a madadinta.

Ban taɓa jin ƙarar biro irin ta ranar ba. Yara suna rubutu suna dariya su kaɗai, suna ɗaga hannu a ƙaro takarda, har takardar makaranta ta ƙare aka shiga yago tsakiyar littattafai. Ba wanda ya hau jirgin ƙasa. Turancin ya karkace a wurare da yawa, inda kalma ta gagara sai su dasa ta Hausa su wuce, amma kowane shafi da rai a cikinsa. 'Yar mai inji ta cika shafi shida a kan wani tsoho maƙwabcinsu mai zuba mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi. Ta kwatanta yadda yake barin gari kamar mai zuwa gona, ya zagaya bayan tsibiri, ya daidaita jirginsa da kan wata kuka ta tsohon gari da ke leƙowa daga ruwa, ya zuba a nan. Na karanta na ji kamar ina cikin jirgin.

Mai Ambulan ya rasa inda zai sa kansa don murna. Sai ya ce akwai sauran abu guda, shi ne ma mafi sabo a fagen: yara su duba rubutun juna, su ba juna maki, don an gano suna koyo ta haka. Kafin in haɗa kalmomin da zan ce masa, ya tattara takardun ya gauraya ya raba.

Kowa ya duƙufa karanta takardar da ta zo hannunsa. Sai na ji wani ya ce, "Kai! Ubana ne wannan!"

Kowa ya shiga neman wanda ya rubuta ubansa. Takardar 'yar mai inji ta zaga aji hannu zuwa hannu kafin ta faɗa wurin jikan tsoho mai mamari, wanda ya zana mata ƙaton sifiri, ya rubuta a ƙasa da Turanci mai kyau cewa ƙarya ce, kuma sirri ne. Ɗan Fulanin da mahaifinsa ba shi da shanu ya karanta cewa garkensu in ya sauka shan ruwa sai tafki ya ja baya, ya miƙe ya ce a fito waje. Makin da suka ba juna ranar, in ka tara shi duka, bai kai na yaro ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki, ranar kasuwa, muna cikin darasi sai na hango taro yana shigowa ta ƙofar makaranta. Sarkin ruwa ne a gaba da sandarsa, sai tsoho mai mamari, sai mai inji, sai wani ardo da mutanensa, da wasu manoman albasa. Mai Ambulan yana nan bai tafi ba, yana kwafe takardu. Shugaban makaranta ya leƙo ta taga ya gan su, ya aiko a kira ni da gudu.

Aka shimfiɗa tabarmi a inuwa. Kowa don fushi ya koma harshen uwarsa: tsohon yana Gunganci, ardo yana Fulatanci, mai inji yana haɗa Hausa da Zabarmancin da ya gada wurin kakanninsa. Shugaba yana share gumi yana tambayata, "Mi ya ce? Mi ya ce?" Ni nake juya wa kowa maganar kowa, ina rage mata gishiri a hanya.

Ƙarar tsohon ita ce, da ya isa kan kukar nan shekaranjiya, ya tarar da jirage sun yi mata zobe kamar ana rabon zakka.

Sarkin ruwa ya ce, "To, baba, kifi nawa kake kamawa a wurin?"

"Ni? Ban taɓa kama komai a can ba."

"To mi ya kawo ka ƙara?"

"Wurin da ba ni kama komai na, amma nawa na. Kowa ya je ya nemi inda ba ya kama komai nashi."

Mai inji ya ce ai 'yarsa gaskiya ta rubuta, kuma an ce Turancinta ya fi na kowa. Tsohon ya ce to a karanta abin da jikansa ya rubuta a kan mai inji, a ji ko shi ma gaskiya ne. Mai inji ya ce ba sai an karanta ba, yara ne, ba a biye musu. Ardo ya ce shi abin da ya kawo shi, yana so a rubuta a takarda a kai Sakkwato cewa shanun nan kiwo aka ba shi.

Mai Ambulan ya tashi ya ba da haƙuri, ya ce shi ne ya kawo batun, kuma takardun ba za su fita da sunan kowa ba. Sannan ya yi abin da ya fi iyawa, ya yi tambaya. Ya ce yana so yara su yi rubutu a kan abin da suka sani, to mene ne mutum zai yarda ɗansa ya rubuta a kansa?

Sarkin ruwa ya sosa gemu ya ce, "Kifin da ya kuɓuce. Shi ba mai yi mai baki, ba mai zuwa roƙonsa."

Tsoho mai mamari ya gyara zama. Ya ce in dai wanda ya kuɓuce ne, akwai wani giwan ruwa da ya ja jirginsa tun daga bayan Warra har ya hango masallacin Yelwa, sannan ya tsinke igiya ya juyo ya dube shi. Mai inji ya ce wannan ai ɗan ƙarami ne, nasa sai da ya haɗiye ƙugiya da gora ya tafi da su. Ardo ya ce su ba su ga asara ba, shi yana da wata saniya da kura ta ci, wadda nononta kaɗai yake riƙe ruga guda. Na juya masa maganar, na ce, "Ardo, ai ka ce ba ka da shanu." Ya ce ita kaɗai ce, kuma an cinye ta. Manoman albasa suka shigo da shekarar da ruwa ya hau ya kwashe musu kan albasa masu girman ƙwarya. Aka manta da ƙara. Mai Ambulan ya zauna a gefen tabarma yana rubutu har biro ya ƙare, ya ari nawa.

Da taro ya watse, shugaba ya ja ni gefe, rigarsa ta jiƙe sharkaf.

"Malam, rahoto ya zo da kyau ko ya zo da muni, ba inda za ka. In an ka ɗauke ka, wa zai gaya min abin da mutanen ga ke cewa? Yau zan rubuta Sakkwato."

Rahoton ma da ya zo bayan watanni bai yi mana muni ba. Makarantarmu ta fito a wuri biyu, a can ƙasa da kuma kusa da sama, da dogon bayani a tsakani wanda ban tabbata manya sun karanta ba. Ba a ɗauke ni ba. Daga shekarar, insha'in farko da nake ba kowane sabon aji shi ne na abin da ya kuɓuce wa mahaifinsu, kuma ban ƙara ganin jirgin ƙasa ba sai jefi-jefi, wurin yaran da ubanninsu ma'aikata ne. Tsoho mai mamari ya daina aiko wa Inna kifi na tsawon wata damina, daga baya ya huce, ya sami wani wurin da ba ya kama komai.

Ranar da takarda ta zo ta tabbatar ba za a ɗauke ni ba, na dawo gida na tarar da Inna da wasu maƙwabta mata biyu suna hira a tsakar gida. Ta dubi fuskata, ta gane.

"To, yaya? Ɗiyan naka sun yi abin kirki?"

Na dubi maƙwabtan, sun miƙa kunne.

Na ce, "Ina fa, Inna. Sai godiya."

Ta gyaɗa kai, ta tura mini kwanon da ya fi girma.